Yadda Ake Haɗa Sabar Fayiloli, ta Kallo da ta Wasanni a Kwamfuta Ɗaya a Gida

Kwamfuta guda ɗaya, ko da tsohuwa ce da wani ofis ya daina amfani da ita, tana iya ɗaukar ayyuka uku a gida: ta zama ma'ajiyar da kowa zai adana takardunsa da hotunansa, ta riƙa aika fina-finai da karatuttuka zuwa talabijin da wayoyi, sannan ta riƙe duniyar wasan da yara da abokansu za su shiga tare. Abin da ke sa aikin ya ɗore shi ne a gane tun da farko cewa darajar ayyukan nan uku ba ɗaya ba ce. Fim idan ya ɓace ana sake samunsa, wasa idan ya tsaya ana sake kunna shi, amma hotunan biki da suna na shekara goma da takardun fili idan suka salwanta, babu inda za a samo su. Saboda haka tsarin da zan bayyana ya fifita fayiloli a kan komai: su za a fara kafawa, sauran biyun kuma a iyakance su yadda ba za su iya yi musu lahani ba.

Zaɓen na'ura

Ƙananan kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny da HP EliteDesk Mini, waɗanda ake samun na hannu a kasuwannin kwamfuta, sun fi dacewa da wannan aiki. Ka nemi mai furosesar Intel daga ƙarni na 7 zuwa sama, domin a cikinta akwai sashen da ake kira Quick Sync, wanda ke sarrafa bidiyo irin na HEVC ba tare da ya gajiyar da na'urar ba. RAM na gigabait 8 zai yi idan wasan bai wuce mutum uku ko huɗu ba, amma gigabait 16 ya fi kwanciyar hankali. Faifai kuma biyu ake so: SSD, ko da mai gigabait 256 ne, domin tsarin aiki da bayanan manhajoji, da kuma babban faifai mai juyawa na terabait 2 ko 4 domin fayiloli da fina-finai. Ƙananan na'urorin nan ba sa ɗaukar faifai mai inci 3.5 a cikinsu, don haka ko dai ka jona shi ta akwatin USB mai nasa abin jona wuta, ko ka sayi matsakaiciyar kwamfuta mai gurbin faifai a ciki, wadda ni na fi amincewa da ita.

Lissafin wuta ya cancanci a yi shi kafin a biya kuɗi, domin sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urorin gida waɗannan ayyuka, ba ta hutawa. Na'urar da ke cin wat 10 tana shan kilowat-awa 7.2 a wata, tsohuwar babbar kwamfuta mai cin wat 60 kuwa tana wuce kilowat-awa 43. Ga mai dogaro da sola da batir, wannan bambanci shi ne zai yanke ko sabar za ta kwana a kunne ko a'a. Ka haɗa ta da rauta ta kebul ɗin Ethernet, kada ka bar ta a kan Wi-Fi. Kebul mai gudun gigabit yana kai kusan megabait 110 a daƙiƙa, kuma gudunsa ba ya hawa da sauka.

Ɗora tsarin aiki

Debian 13, wanda ya fito a watan Agusta na 2025, ko Ubuntu Server 24.04, duk suna yi, kuma umarnin da ke ƙasa yana aiki a kansu. Akwai Proxmox da TrueNAS da OpenMediaVault, kowannensu da magoya bayansa, sai dai ga na'ura ɗaya mai RAM kaɗan ina ganin Debian zalla ya fi sauƙin fahimta ranar da wani abu ya lalace. Ka sauke fayil ɗinsa, ka rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Kafin ka ci gaba, ka shiga BIOS ka nemi saitin da ke sa na'ura ta kunna kanta idan wuta ta dawo, wanda a kwamfutocin Dell ake kira AC Recovery, ka mayar da shi zuwa kunnawa.

Wajen ɗorawa, ka zaɓi SSD ɗin kaɗai, ka cire alamar da ke kan muhallin tebur (desktop environment), ka bar ta sabar SSH, wadda ke ba ka damar ba na'urar umarni daga wata kwamfutar, da ta kayan aikin tsari na yau da kullum. A Debian, idan ka bar gurbin kalmar sirrin root babu komai, mai amfani na farko da ka ƙirƙira zai samu ikon sudo, wato ikon ba da umarni a matsayin mai kula da na'urar, kuma hakan ake so. Da an gama, ka buga `ip a` ka ga adireshin da rauta ta ba na'urar, sannan ka shiga shafin rautar ka ɗaure wannan adireshi ga sabar har abada ta hanyar ajiyar DHCP. Zan yi misali da 192.168.1.10, amma wasu rautoci suna amfani da 192.168.0 ko 192.168.8, sai ka sauya gwargwadon naka. Daga nan ka cire sikirin da kibod, domin sauran aikin daga laftof za ka yi shi. Duk inda ka ga musa, ka sa sunan mai amfanin da ka ƙirƙira:

```
ssh musa@192.168.1.10
sudo apt update
sudo apt upgrade
sudo apt install parted curl samba ufw smartmontools restic unattended-upgrades
```

Shirya babban faifai

Wannan ne matakin da kuskuren harafi ɗaya ke goge komai, don haka ka nutsu. Ka buga `lsblk` ka tantance babban faifan ta girmansa. Idan shi ne sdb, kuma ka tabbata babu abin da kake so a cikinsa, sai ka ci gaba:

```
sudo parted /dev/sdb --script mklabel gpt mkpart ajiya ext4 0% 100%
sudo mkfs.ext4 /dev/sdb1
sudo blkid /dev/sdb1
sudo mkdir -p /srv/ajiya /srv/sabis
```

Umarni na uku zai nuna maka doguwar lambar UUID. Da ita za ka rubuta faifan a fayil ɗin `/etc/fstab`, saboda sunaye irin su sdb suna iya sauyawa bayan an sake kunna na'ura, musamman idan an jona wani faifan USB:

```
UUID=lambar-faifanka /srv/ajiya ext4 defaults,nofail 0 2
```

Kalmar nofail tana sa sabar ta tashi ko da faifan bai amsa ba, yadda za ka iya shiga ta SSH ka binciki matsalar. Ka buga `sudo mount -a`, sannan ka ƙirƙiri folda biyu a kansa: `/srv/ajiya/iyali` domin fayilolin mutanen gida, da `/srv/ajiya/kallo` domin fina-finai da sauti. Foldar `/srv/sabis` tana kan SSD ne da gangan, domin a nan Jellyfin, manhajar da za ta riƙa aika fina-finai zuwa talabijin da wayoyi, da wasanni za su ajiye bayanansu, waɗanda ƙananan rubuce-rubuce ne masu yawa da faifai mai juyawa ke jinkiri a kansu.

Sabar fayiloli da Samba

Samba ita ce manhajar da ke sa Windows da Android da iPhone su ga foldar da ke kan Linux. Kowane mutum a gida ya samu sunansa da kalmar sirrinsa. Kalmar sirri guda ta kowa da kowa tana yaɗuwa har ga baƙin da suka roƙi Wi-Fi.

```
sudo groupadd gida
sudo usermod -aG gida musa
sudo useradd -M -s /usr/sbin/nologin -G gida hauwa
sudo smbpasswd -a musa
sudo smbpasswd -a hauwa
sudo chown -R musa:gida /srv/ajiya/iyali /srv/ajiya/kallo
sudo chmod 2770 /srv/ajiya/iyali
sudo chmod 2775 /srv/ajiya/kallo
```

Sai ka buɗe `/etc/samba/smb.conf` ka ƙara wannan a ƙarshensa:

```
[iyali]
path = /srv/ajiya/iyali
valid users = @gida
read only = no
force group = gida
create mask = 0660
directory mask = 0770
vfs objects = recycle
recycle:repository = .shara/%U
recycle:directory_mode = 0770
recycle:keeptree = yes
recycle:versions = yes

[kallo]
path = /srv/ajiya/kallo
valid users = @gida
read only = yes
write list = musa
create mask = 0664
directory mask = 0775
```

Layukan recycle suna da muhimmancin da mutane ba sa ganewa sai ta faru. Idan aka goge fayil daga foldar da ke kan hanyar sadarwa, Windows ba ya jefa shi a kwandon sharar kwamfutarka, yana share shi ne kai tsaye. Da waɗannan layuka, abin da yaro ya goge bisa kuskure zai koma ɓoyayyiyar foldar `.shara`, inda za ka iya ɗauko shi. Ka buga `testparm` don duba kurakuran rubutu, sannan `sudo systemctl restart smbd`. A Windows ka rubuta `\\192.168.1.10\iyali` a saman File Explorer. A iPhone manhajar Files tana haɗawa da `smb://192.168.1.10`, a Android kuma VLC da yawancin manhajojin sarrafa fayil suna gane SMB, wato yaren raba fayiloli da Samba ke amfani da shi. Ka tura babban fayil ɗaya ka sake sauke shi, kuma kada ka wuce wannan mataki sai ka ga yana aiki daga kowace na'ura a gidan.

Docker, da dalilin amfani da shi

Jellyfin da sabar wasa za su zauna ne a cikin kwantenonin Docker. Kwantena kamar shago ne a cikin gini ɗaya: kowane ɗan haya da makullinsa da mitarsa, kuma ba ya shiga sito sai ta ƙofar da mai gini ya buɗe masa. Wannan rabuwa ce ke ba ka damar cewa Jellyfin ta karanta fina-finai amma kada ta rubuta, wasa kuma kada ya wuce iyakar RAM da ka yanka masa.

```
curl -fsSL https://get.docker.com -o get-docker.sh
sudo sh get-docker.sh
sudo systemctl edit docker
```

A shafin da umarni na ƙarshe ya buɗe, ka rubuta `[Unit]` a layi ɗaya, `RequiresMountsFor=/srv/ajiya` a layin da ke biye. Amfaninsa shi ne Docker ba zai tashi ba sai babban faifan ya hau. Idan babu wannan, ranar da faifan ya makara Jellyfin za ta tarar da folda fanko, ta ɗauka an goge fina-finan, ta fara cire su daga jerinta.

Sabar kallo da Jellyfin

Jellyfin kyauta ce gaba ɗaya, an cire ta ne daga Emby a ƙarshen 2018, kuma ba ta buƙatar asusu a wani kamfani, don haka tana aiki a cikin gida ko da data ta ƙare. Plex, wata manhajar kallo irinta, ta fi ta kyan fuska a wasu talabijin, amma tun watan Afrilu na 2025 kallon bidiyonka daga wajen gida ta Plex ya koma na kuɗi. Ka fara buga `getent group render` ka rubuta lambar da ta fito, sannan ka ƙirƙiri foldojin `/srv/sabis/jellyfin/config` da `/srv/sabis/jellyfin/cache` da `/srv/sabis/minecraft`, ka mallaka wa musa su da `chown`. Daga nan ka rubuta fayil mai suna `/srv/sabis/compose.yaml`, ka sa lambar nan da ka rubuta a gurbin lambar-render:

```
services:
  jellyfin:
    image: jellyfin/jellyfin
    user: "1000:1000"
    group_add:
      - "lambar-render"
    devices:
      - /dev/dri:/dev/dri
    volumes:
      - /srv/sabis/jellyfin/config:/config
      - /srv/sabis/jellyfin/cache:/cache
      - /srv/ajiya/kallo:/media:ro
    ports:
      - "8096:8096"
    restart: unless-stopped
```

Haruffan `ro` da ke ƙarshen layin kallo su ne ke hana Jellyfin gogewa ko sauya komai, kuma ka lura cewa foldar iyali ba ta cikin jerin kwata-kwata. Ka shiga `/srv/sabis` ka buga `sudo docker compose up -d`, sannan ka buɗe `http://192.168.1.10:8096` a burauza ka ƙirƙiri asusun mai kula.

Yadda ka jera fayiloli shi ne rabin aikin Jellyfin. Kowane fim ya samu foldarsa mai ɗauke da suna da shekarar fitowarsa, shirye-shirye masu dogon zango kuma a raba su zango-zango, kowane kashi da lamba irin S01E01, domin da waɗannan take neman hoto da bayani a TMDB, rumbun bayanan fina-finai da ke intanet. Fina-finan Hausa da yawa ba sa cikin wannan rumbu, kuma idan ka bar ta ta yi hasashe, za ta manna wa fim ɗin Kano hoton wani fim na Indiya ko na Amurka mai kama da sunansa. Maganin shi ne ka ware musu laburare dabam, ka kashe masu neman bayani daga intanet a saitinsa, ka ajiye hoto mai suna `poster.jpg` a cikin foldar kowane fim. Tafsiri da karatun Alƙur'ani da wa'azozi su shiga laburaren sauti, inda sunan malami zai zauna a gurbin mai sauti, shekara ko littafi kuma a gurbin kundi. Bidiyon biki da na suna akwai nau'in laburare na bidiyon gida da hotuna, wanda ba ya neman komai a waje. Ka zuba abin da ka mallaka ko aka ba ka izininsa, domin masu shirya fina-finan nan da cinikinsu suke ci. Yara kuma ka buɗe musu asusu na dabam, ka zaɓa musu laburaren da za su gani.

Sai maganar sauya fasalin bidiyo, wadda ita ce ke cinye ƙarfin sabar. Idan talabijin ko waya ta gane fasalin fayil ɗin, Jellyfin tana miƙa shi yadda yake, kuma hakan kusan ba ya cin komai. Idan ba ta gane ba, ko hanyar ta yi ƙunci, dole sabar ta riƙa sake sarrafa bidiyon a daidai lokacin da ake kallo, abin da ke iya riƙe furosesa gaba ɗaya har wasan yara ya fara sarƙewa. Don haka ka shiga dashbod, sashen kunna bidiyo, ka zaɓi Intel QuickSync a matsayin mai hanzarta aiki, ka sa alama a kan H264 da HEVC. Ka gwada ta hanyar kunna fim a waya ka rage ingancinsa da hannu, sannan ka buga `top` a sabar: idan furosesa ba ta cika ba, Quick Sync ya karɓi aikin. Manhajar Jellyfin ta Android TV ta fi burauza gane fasalin bidiyo iri-iri, saboda haka ita ya kamata a sa a talabijin.

Sabar wasa

Zan yi misali da Minecraft na Java, domin shi ne aka fi kafa wa sabar a gida. Ka ƙara wannan a ƙarƙashin services a fayil ɗin compose ɗin nan:

```
  minecraft:
    image: itzg/minecraft-server
    environment:
      EULA: "TRUE"
      TYPE: "PAPER"
      VERSION: "sigar-da-kuke-wasa"
      MEMORY: "3G"
      VIEW_DISTANCE: "8"
      ENABLE_WHITELIST: "TRUE"
    ports:
      - "25565:25565"
    volumes:
      - /srv/sabis/minecraft:/data
    mem_limit: 4g
    cpus: 2
    stop_grace_period: 1m
    restart: unless-stopped
```

Kowane layi a nan yana da dalili. MEMORY shi ne abin da Java zai yi amfani da shi, mem_limit kuma katangar da kwantenar ba za ta tsallake ba, kuma dole ya ɗara MEMORY da kusan gigabait ɗaya, in ba haka ba tsarin zai riƙa kashe wasan ana tsaka da yi. Iyakar cpus tana bar wa Samba da Jellyfin wurin numfashi. Wasan yana lissafa duniyarsa sau 20 a daƙiƙa, kuma mafi yawan wannan lissafi a kan zare ɗaya, wato layin aiki guda na furosesa, yake gudana, shi ya sa rage nisan gani zuwa 8 ya fi ƙara RAM tasiri idan aka ga sarƙewa. VERSION kuwa ka rubuta ainihin lambar sigar, domin idan ka bar shi, kwantenar za ta ɗauko sabuwa duk sanda aka sake kunna ta, a wayi gari ’yan wasan da ba su sabunta nasu ba sun kasa shiga. Ana ƙara ɗan wasa a jerin waɗanda aka amince musu da `sudo docker compose exec minecraft rcon-cli whitelist add sunansa`.

Masu wasa a waya suna kan bugun Bedrock ne, wanda ke bin ƙofar 19132 ta UDP (ƙofa ita ce lambar da manhaja ke karɓar saƙonni ta kanta), kuma ƙarin da ake kira Geyser yana ba su damar shiga sabar Java. Minecraft na kuɗi ne kuma yana tantance asusun Microsoft ta intanet a lokacin shiga. Gidan da ba ya son wannan ɗawainiya zai iya kafa Luanti, wanda har zuwa 2024 ake kira Minetest: kyauta ne, yana aiki a Android, yana bin ƙofar 30000 ta UDP, kuma ba ya neman intanet idan ’yan wasan suna kan rauta ɗaya.

Rufe ƙofofi da shiga daga waje

```
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 22 proto tcp
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 445 proto tcp
sudo ufw enable
```

Wannan umarni yana kunna ufw, katangar tsaro ta sabar, ya bar wa na'urorin gida kaɗai ƙofar 22 ta SSH da ƙofar 445 ta Samba. Akwai abin da ya kamata ka sani game da wannan katanga: ƙofofin da Docker ya buɗe, wato 8096 da 25565, suna kewaye ufw, domin dokokin da Docker ke rubutawa suna aiki kafin na ufw. Ainihin abin da ke kare su daga duniya ita ce rautarka, saboda haka ka kashe UPnP, saitin da ke barin manhajoji su buɗe wa kansu ƙofa, a cikinta kuma kada ka tura wata ƙofa waje. Ƙofar 445 musamman kada ta taɓa fuskantar intanet. Ta nan cutar WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayu na 2017.

Ga mafi yawan masu intanet na layin waya ma tura ƙofa ba ya yiwuwa, domin kamfanonin suna haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Za ka gane haka idan adireshin waje da rautarka ke nunawa ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127. Hanya mafi tsafta ita ce Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta hanyar sirri a intanet, wadda aka gina a kan fasahar WireGuard: ka ɗora ta a sabar da wayarka, ka shiga da asusu ɗaya, ka buga `sudo ufw allow in on tailscale0`, sai sabar ta samu adireshi na sirri da za ka iya kaiwa gare shi daga ko'ina. Abokan wasan yara za ka iya raba musu sabar ita kaɗai ta Tailscale ba tare da sun ga sauran na'urorin gidan ba, kuma tun da ba su da kalmar sirrin Samba, fayiloli sun fi ƙarfinsu. Sai dai ka yi lissafin data: bidiyo mai megabit 8 a daƙiƙa yana cin gigabait 3.6 a awa ɗaya, daga datar gida wajen aikawa da kuma ta mai kallo wajen karɓa. Jellyfin tana da gurbin iyakance ingancin bidiyo ga masu kallo daga waje, kuma megabit 2 ko 3 ya wadatar a sikirin ɗin waya.

Wuta, zafi da ƙura

Ɗauke wuta ana tsaka da rubutu shi ne babban abin da ke lalata duniyar wasa da rumbun bayanan Jellyfin, kuma yana gajarta ran faifai mai juyawa. Sabar da rauta da akwatin faifai duk su zauna a kan inbata ko UPS ɗaya, yadda sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ba zai kashe su ba. Idan UPS ɗin yana da ƙofar USB, ka jona shi da sabar ka ɗora manhajar NUT, wadda ke rufe na'urar cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa. Minti ɗayan da muka ba Minecraft a stop_grace_period domin irin wannan lokaci ne, ya samu ya adana duniyarsa kafin a kashe shi. Ka saita NUT ta umarci UPS ya yanke wutarsa bayan rufewar, domin saitin BIOS da muka yi ba ya tayar da na'ura sai ta ga wuta ta tafi ta dawo.

A watannin bazara ɗaki marar iska yana dafa faifai. Ka ɗora sabar a kan kanta mai tsawo inda iska ke wucewa, nesa da taga, kada ka kulle ta a kabad. Umarnin `sudo smartctl -a /dev/sdb` yana nuna zafin faifan, kuma yana da kyau ya zauna ƙasa da digiri 45. A cikin sakamakon ka riƙa duba layukan Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan lambobinsu suka tashi daga sifiri suna ƙaruwa, faifan ya fara mutuwa, ka nemi wani tun kafin ya ƙarasa. Bayan hunturu kuma ka kashe na'urar, ka buɗe ta, ka hure ƙurar da ta toshe fanka.

Kwafin ajiya

Duk abin da muka gina har yanzu yana kan faifai ɗaya ne, kuma kowane faifai yana da ranar mutuwarsa. Haɗa faifai biyu su riƙa kwaikwayon juna, wato RAID, yana kare ka daga mutuwar ɗaya, amma idan aka goge fayil ko cuta ta kulle shi, nan take ɗayan ma zai kwaikwaya, haka nan ɓarawo ko gobara duka biyun za su ɗauka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Ka sayi faifan USB, ka hau da shi a `/mnt/madadi`, ka yi amfani da restic, wanda ke ɓoye bayanan da kalmar sirri kuma yana riƙe tsofaffin kwafi:

```
sudo restic init --repo /mnt/madadi/restic
sudo docker compose exec minecraft rcon-cli save-off
sudo docker compose exec minecraft rcon-cli save-all flush
sudo restic -r /mnt/madadi/restic backup /srv/ajiya/iyali /srv/sabis /etc/samba /etc/fstab
sudo docker compose exec minecraft rcon-cli save-on
sudo restic -r /mnt/madadi/restic forget --keep-daily 7 --keep-monthly 12 --prune
```

Umarnin save-off yana dakatar da rubutun wasan na ɗan lokaci don kada a kwafi duniyar tana rabin sauyawa. Fina-finan da za a iya sake samu ba sai sun shiga ba, amma bidiyon biki da ke cikin kallo ka ƙara foldarsu a jerin. Kalmar sirrin restic ka rubuta ta a takarda ka adana tare da muhimman takardun gida, domin idan ta ɓace babu mai iya buɗe kwafin, har waɗanda suka rubuta manhajar. Idan hali ya yi, faifan madadi ya zama biyu, ɗaya yana jone, ɗaya yana gidan ɗan'uwa, ana musanya su duk wata.

Sabunta tsaro na Debian zai riƙa shiga da kansa idan ka kunna shi da `sudo dpkg-reconfigure unattended-upgrades`. Kwantenoni kuwa da hannu za ka sabunta su, bayan ka yi kwafi, da `sudo docker compose pull` sannan `sudo docker compose up -d`.

Saura gwaji biyu kafin ka ce wa mutanen gida su fara zuba kayansu. Na farko, ka rufe sabar da `sudo poweroff`, ka zare wayar wutarta, ka mayar, ka tabbata ta tashi da kanta kuma foldar iyali da Jellyfin da wasan duk sun dawo ba tare da ka taɓa komai ba. Na biyu, ka maido da fayil ɗaya daga kwafin zuwa wani wuri dabam da `sudo restic -r /mnt/madadi/restic restore latest --target /tmp/gwaji --include /srv/ajiya/iyali/sunan-fayil`, ka buɗe shi ka ga lafiyarsa ƙalau. Gwajin maidowar nan ka riƙa maimaita shi duk ranar da ka musanya faifan madadi.